Kundin aiki: bin diddigin zafi da gudun fanka a kwamfutar da ta ƙi yin shiru

4 ga Afrilu, 2025

Kwamfutar tebur ce da take ajiye fayiloli dare da rana, jefi-jefi kuma a ɗora mata aikin haɗa manhaja. CPU ɗinta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 7 1700X ne na kamfanin AMD, tana kan Debian 12, wani nau'in Linux, mai kanel (zuciyar Linux ɗin) 6.1. Fankoki huɗu gare ta: ɗaya a kan ƙarfen sanyaya CPU, biyu a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Abin da ya kawo ta teburin gyara shi ne ƙugi. Fankar CPU tana tashi tana sauka ko da ba a aikin komai, kuma manhajar duba zafi ba ta nuna gudun fanka ko ɗaya, balle a san wacce ce take yin me.

An saka lm-sensors, tarin manhajojin karanta ma'aunai a Linux, an gudanar da `sensors-detect` mai lalubo ma'aunan da suke cikin kwamfuta, an bar amsoshin da yake bayarwa da kansa. Wurin da ya kamata a yi hattara shi ne inda yake tambaya ko ya lalubi layin SMBus, domin can ne ƙananan cip masu ajiye bayanan RAM suke, kuma babu abin da muke nema a wurin. Ya gano abu biyu: direban `k10temp` mai karanta zafin CPU na AMD (direba manhaja ce da kanel yake bi ta kanta ya yi magana da na'ura), da cip ɗin Nuvoton NCT6779D a adireshin 0x290, wanda direban `nct6775` yake kula da shi. Wannan cip shi ne yake ƙirga juyin fankoki, shi yake ba su umarni, shi yake auna ƙarfin wuta a babban allo.

Bayan an ɗora direban da `modprobe nct6775`, `sensors` bai nuna komai daga cip ɗin ba. `dmesg`, mai nuna saƙonnin kanel, ya faɗi dalili: ACPI, ɓangaren kula da wuta da zafi na BIOS (manhajar da take cikin babban allon kansa), ya riga ya yi rajistar adireshin 0x295 zuwa 0x296 a matsayin nasa, don haka kanel ya hana direban taɓawa.

6 ga Afrilu

Hanin nan yana da tushe, kuma ya kamata a fahimce shi kafin a tsallake shi. Ana magana da cip ɗin ta ƙofa biyu: a rubuta lambar rajistar da ake so a 0x295, sannan a karanta ko a rubuta ƙimarta a 0x296. Mataki biyu ke nan, kuma akwai tazara tsakaninsu. Idan Linux ya rubuta lambar rajistar zafi, kafin ya karanta sai shirin ACPI na BIOS ya shigo ya canza ta zuwa wata, abin da Linux zai karanto shirme ne. Karatu na shirme da sauƙi. Wanda ya fi muni shi ne rubutu ya faɗa rajistar da ba ita aka nufa ba, kamar wadda take riƙe da gudun fanka.

An ƙara `acpi_enforce_resources=lax` a layin `GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT` cikin `/etc/default/grub`, an yi `update-grub`, an sake kunnawa. Cip ɗin ya bayyana. Amma `lax` bai warware rikicin ba, izini kawai ya bayar a shiga duk da gargaɗin. Saboda haka an kafa ɗan rubutun shel da yake kwashe dukkan ƙimomi duk daƙiƙa 2 zuwa fayil na CSV, wato jadawalin lambobi layi-layi, don a ga ko wata ƙima za ta yi tsalle marar dalili. Rubutun ba ya dogara da lambar `hwmon0` ko `hwmon1` da Linux yake ba kowace na'urar awo. Yana zagaya `/sys/class/hwmon/` yana karanta fayil ɗin `name` na kowanne har ya sami wanda yake nema. Ga mai son yin irinsa: zafi a waɗannan fayiloli da kashi ɗaya cikin dubu na digiri ake rubuta shi, wato 41500 na nufin digiri 41.5.

9 ga Afrilu

Yau aka zauna a kan ma'aunan zafi, kuma nan ne mafi yawan ruɗanin yake. `sensors` ya jero SYSTIN, CPUTIN, AUXTIN0 zuwa AUXTIN3, da wani mai suna SMBUSMASTER 0. Ban da na ƙarshen, sunayen nan na ƙafafun cip ɗin ne. Ba su faɗi abin da mai ƙera allo ya jona a ƙafafun ba, kuma yana iya barin wasu babu komai. Ƙafar da aka bari a sake tana ba da lamba duk da haka. A nan AUXTIN1 da AUXTIN2 sun tsaya sama da digiri 100 ba sa motsi, AUXTIN3 kuma yana ƙasa da sifili. Duk wanda ya ga 127 ko -128 a irin wannan wuri, iyakar abin da rajista mai bit 8 take iya ɗauka ya gani, ba zafin wani abu ba.

Gwaji biyu ne suka tantance na gaskiya. Na farko, an kashe kwamfutar ta kwana, da safe aka kunna aka duba nan take. Duk ma'aunin da yake manne da wani abu na zahiri dole ya fara kusa da zafin ɗakin. SYSTIN, CPUTIN da AUXTIN0 sun ci wannan gwaji. Na biyu, an sa `stress-ng --cpu 0 --timeout 10m` ya ɗora wa CPU cikakken aiki na minti 10, ana kallon `watch -n 1 sensors`. SYSTIN ya hau digiri 3 kacal a hankali, kuma da aka cire murfin gefe ya sauka, alamar iskar cikin akwati yake ji. CPUTIN ya hau a hankali, yana bin CPU a baya da kusan minti guda, irin halin ma'aunin da aka dasa a allo ƙarƙashin mazaunin CPU. AUXTIN0 ya ci gaba da hawa har bayan CPU ya daidaita, kuma ya sauka da aka juya iska kan sassan da suke ba CPU wuta, don haka can yake.

CPUTIN a wannan allo ya yi kyau, amma ba a ko'ina ba ne. Takardun kanel sun ambaci wasu alluna masu NCT6776F inda CPUTIN ba ya jone da komai, har wani lokaci lambarsa tana sauka yayin da zafi yake hawa. Wanda ya ɗora gudun fanka a kan irin wannan ba tare da gwaji ba, fankarsa za ta lafa daidai lokacin da ake buƙatarta.

Sai batun `k10temp`. Yana nuna lambobin zafi biyu, Tctl da Tdie, kuma tsakaninsu digiri 20 ne cif, kullum. Ba kuskure ba ne. A kan 1700X da 1800X, AMD ta ƙara digiri 20 a kan Tctl da gangan domin sarrafa fanka; a 2700X ƙarin digiri 10 ne, a Threadripper na farko 27. Tdie ne zafin zahiri. SMBUSMASTER 0 kuwa yana bin Tctl sau da ƙafa, da ƙarin da komai. Wannan ya bayyana rabin ƙugin: `pwm2_temp_sel` ya nuna daga wannan tushe fankar CPU take ɗaukar umarni, wato CPU yana kan 45 amma cip yana ganin 65.

An rubuta `/etc/sensors.d/allo.conf` ƙarƙashin `chip "nct6779-isa-0290"`, an ba na gaskiya sunaye da `label`, an ɓoye na bogi da `ignore`. Gara a ɓoye su, don kada wani ya ga 110 wata rana ya tayar da hankali.

13 ga Afrilu

Fankoki. Cip ɗin yana da mashigar ƙirga juyi biyar da mafitar umarni biyar, kuma babu tabbacin `fan1` da `pwm1` su ne abin da aka buga wa CPU a jikin allo. An bi su ɗaya bayan ɗaya: a rubuta 1 a `pwmN_enable` don karɓar iko da hannu, a rubuta 255, wato cikakken gudu, a `pwmN`, a saurara, a sauke zuwa 100, a ga wacce fanka ta lafa da ido da kuma wace `fanN_input` ta sauka. `pwmconfig` yana yin irin wannan da kansa, amma yana tsayar da kowace fanka na ɗan lokaci, don haka ba a gudanar da shi kwamfuta na ɗauke da aiki. Sakamako: `pwm2` da `fan2` na CPU ne, `pwm1` da `fan1` na gaba, `pwm3` da `fan3` na baya. Sauran biyun babu fanka a mazauninsu, sifilinsu na gaskiya ne.

Matsala biyu suka fito.

Fankar baya ba ta saurari umarni ba sam, tana kan juyi 1,150 a minti ko an ba ta 255 ko 60. Mai waya uku ce: ƙasa, wutar volt 12, da wayar ƙirga juyi. Mai waya huɗu tana da ƙarin wayar umarni, inda allo yake aika sigina mai kunnuwa da mutuwa wajen sau 25,000 a daƙiƙa, fankar kuma ta daidaita gudunta da kanta gwargwadon tsawon kunnuwar, wutarta tana nan 12 ba canji. Mai waya uku ba ta da kunnen jin wannan sigina. Hanyar rage mata gudu ita ce a rage mata wutar kanta. An shiga BIOS an mayar da mazaunin daga PWM, yanayin sigina, zuwa DC, yanayin rage wuta, sai ta fara bin umarni.

Fankokin gaba kuwa lambarsu tana rawa: 900, 1,700, 1,250, 2,100, alhali kunne yana jin gudu ɗaya. Su biyun suna kan waya mai reshe biyu. Kowace fanka tana aika bugu biyu a kowane juyi, wato juyi 1,200 a minti bugu 40 ne a daƙiƙa, kuma cip bugun yake ƙirgawa. Reshe mai kyau yana ɗauko wayar ƙirga daga fanka ɗaya tak, shi ya sa ake ganin ɗaya bakin da gurbin fil guda babu kowa. Wannan reshen ya haɗe wayoyin ƙirga biyun, bugun wannan yana shiga cikin na waccan. An danna harshen fil na uku da allura a ɗaya reshen, an zare shi, an naɗe da tef. Lamba ta tsaya a 880 zuwa 900. Farashin wannan gyara shi ne fankar da aka zare wa waya ba ta da mai sa mata ido. Idan ta mutu manhaja ba za ta sani ba.

15 ga Afrilu

Gajeren aiki a kan ƙarfin wuta. Cip ɗin ba ya auna abin da ya wuce wajen volt 2 kai tsaye, don haka layin 12 da na 5 ana rage su da resista kafin su iso. Mashiga biyu sun nuna kusan volt 1. An auna da mita a bakin wayar wuta ta faifai, an kwatanta da abin da BIOS yake nunawa, aka gane wacce ce ta 12, aka sa mata `compute` mai ninkawa da 12, ɗayar da 5. ALARM ɗin da ya cika rahoton `sensors` ba komai ba ne illa iyakokin `min` da `max` da aka bari a sifili. An saita su da `set`, an gudanar da `sensors -s`.

20 ga Afrilu

An gwada `fancontrol`, shirin da yake daidaita gudun fanka gwargwadon zafi daga cikin Linux, an ɗora fankar CPU a kan Tdie. Lambobi biyu ne ba a zato a kansu, sai an auna: MINSTOP, mafi ƙanƙantar ƙimar da fanka mai juyawa za ta ci gaba da juyawa, da MINSTART, ƙimar da za ta tayar da ita daga tsaye. Ta biyun kullum ta fi girma, domin tashi daga tsaye ya fi cin ƙarfi. Ana saukar da `pwm` biyar-biyar, a jira daƙiƙa 10 kowane mataki, har ta tsaya. Sannan a riƙa ɗagawa har ta tashi. Fankar baya a yanayin DC ta tsaya a 85, ba ta tashi ba sai a 120. An sa mata MINSTOP 100 da MINSTART 140, an bar rata, saboda fanka tana ƙara nauyi idan ƙura ta taru ko man cikinta ya bushe. Fankar CPU ba ta tsaya ba ko a sifili, ta zauna a 500. Yawancin masu waya huɗu haka aka ƙera su.

Sauran rabin ƙugin ya bayyana a fayil ɗin CSV. Tdie yana tsalle digiri 8 zuwa 10 cikin daƙiƙa ɗaya duk lokacin da wani ƙaramin aiki ya farka, sannan ya gangaro a hankali. Ƙarfen sanyaya bai ma ji ɗumin ba, amma fanka ta riga ta zabura. Zafin ƙwayar CPU yana canzawa cikin ƙiftawar ido, ƙarfen kuma sai ya ɗauki mintuna, fanka kuwa ƙarfen take sanyayawa. `fancontrol` na lm-sensors 3.6.0 yana da AVERAGE, wanda yake ɗaukar matsakaicin karatu da dama na baya. Da INTERVAL 2 da AVERAGE 8, wato matsakaicin daƙiƙa 16, da MINTEMP 45 (zafin da fanka take fara ƙara gudu) da MAXTEMP 75 (zafin da take kai ƙarshen gudunta), tashi da saukar ta kau. A ƙarƙashin cikakken aiki fanka tana makara da ƴan daƙiƙoƙi kafin ta kai ƙarshe, kuma wannan ba abin damuwa ba ne.

26 ga Afrilu

An ƙara direban `drivetemp`, wanda ya shigo kanel tun 5.6, don zafin faifan SATA ya fito a `sensors` tare da sauran. Lambobinsa sun dace da sifa ta 194, wato ta zafi, a rahoton lafiyar faifai na `smartctl -A`. A kula: a wasu faifai karanta zafi yana sake ƙirgen lokacin barcinsu, don haka faifan da ake tambaya duk daƙiƙa 2 ba zai taɓa kwantawa ba. An mayar da nasu karatun duk minti 10, da `smartctl -n standby` wanda yake ƙyale faifan da ya riga ya kwanta.

Da aka sake kunnawa, fankoki suka koma tsohon halinsu. `fancontrol` ya ƙi tashi, yana cewa saitinsa ya tsufa. Shigowar `drivetemp` ta sauya jerin lambobi: cip ɗin da yake `hwmon2` ya koma `hwmon4`. Ƙin tashin daidai ne, domin DEVPATH da DEVNAME, layukan saitinsa masu riƙe da adireshi da sunan kowace na'ura, an sa su ne don kada ya rubuta umarnin fanka a na'urar da ba ita ba. Lambobin `hwmon` ana raba su ne bisa wanda ya riga isowa. An jera direbobin a `/etc/modules-load.d/`, ya taimaka, amma bai zama tabbas ba, tunda wasu direbobi suna hawa tun kafin a karanta wannan fayil. Adireshin da ba ya sauyawa shi ne `/sys/devices/platform/nct6775.656/`, inda 656 ɗin 0x290 ce a ƙirgen goma-goma.

3 ga Mayu

An saka wani faifai mai Windows don a ji ta bakin shaida na biyu. HWiNFO, manhajar duba zafi ta Windows, ya ba da Tctl da Tdie da gudun fankoki daidai da na Linux, bambancin bai wuce digiri ɗaya ba. Da aka buɗe wata manhajar duba zafi a gefensa, sai fankar gaba ta riƙa nuna sifili na ɗan lokaci tana dawowa. Rikicin ƙofa biyun nan ne dai: manhajoji biyu suna rige-rigen rajista ɗaya. Masu kyau suna da makullin da suke girmamawa a tsakaninsu, amma ba kowacce take bin sa ba. Kafin a zargi fanka ko allo a Windows, a fara rufe komai a bar manhaja ɗaya, har da masu sarrafa fitilun ado da suke aiki a ɓoye.

A Maris na 2025 Microsoft Defender, manhajar tsaron Windows, ya fara kama direban WinRing0, wanda manhajoji da yawa na kyauta suke bi ta kansa su isa ga cip. Dalili shi ne yana buɗe hanyar kayan cikin kwamfuta ga duk shirin da ya nema. Idan manhaja ta wayi gari ba ta ganin fanka ko ɗaya, a duba tarihin Defender tukuna.

10 ga Mayu

An yanke shawarar mayar da ikon fanka hannun cip. `fancontrol` yana aiki, amma yana da kafofi: ba ya nan kafin Linux ya tashi, ba ya nan idan kanel ya sandare, kuma bayan farkawa daga barci BIOS yana mayar da `pwmN_enable` yadda yake so, sai an sake tayar da shirin ta rubutu a `/usr/lib/systemd/system-sleep/`. Cip ɗin kuwa yana da tsarinsa, Smart Fan IV, wanda ƙima 5 a `pwmN_enable` take nufi: maki huɗu na zafi da gudu, da na biyar na gaggawa inda fanka take buɗe wuta gaba ɗaya. Yana aiki ko babu Linux ko Windows sam.

An saita makin a BIOS, sannan aka dawo Linux aka karanta `pwm2_auto_point1_temp` da ƴan uwansa don a ga abin da BIOS ya rubuta a zahiri. Ya rubuta lambobin yadda aka shigar da su, bai ƙara 20 ba, kuma tushen yana nan a kan Tctl. Don haka aka ɗaga kowane maki da 20: a 65 gudu kashi 30 cikin ɗari, a 80 kashi 50, a 90 kashi 75, a 95 cikakke. Wannan daidai yake da Tdie 45, 60, 70, 75. Maganin zabura a nan shi ne `pwm2_step_up_time` da `pwm2_step_down_time`, masu jinkirta kowane matakin canjin gudu. An sa na sauka ya fi na hawa tsawo. Fankokin akwati an ɗora su a kan CPUTIN, tunda shi ma'auni ne mai nawa, kuma nawar tasa ta dace da aikinsu.

Sai yanzu da lambobi suka zama abin yarda aka taɓa ƙarfen sanyaya. Kafin a taɓa, minti 10 na `stress-ng` suna kai Tdie 74, fanka a ƙarshen gudunta. An hure ƙurar da ta toshe tsakanin haƙoran ƙarfen, ana riƙe fanka da yatsa don iska kada ta juya ta fiye da kima. An goge tsohon man da ya bushe da isopropil, an ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, an ɗaure kusoshi a giciye kaɗan-kaɗan. Gwaji iri ɗaya, zafin ɗaki iri ɗaya: Tdie 63, fanka a wajen kashi 57.

17 ga Mayu

Fayil ɗin CSV ya nuna layi biyu masu ban mamaki a makon nan: a kowanne, `fan3` ta faɗi zuwa sifili na karatu ɗaya sannan ta dawo 700. Ko dai rikicin ACPI ne ya fara nuna kansa, ko kuma fankar baya tana sarƙewa a ƙaramin gudu. Abin da zai raba su shi ne sauran ƙimomin layin. A duka biyun zafi da ƙarfin wuta lafiya lau suke, kuma duka sun faru da asuba lokacin da CPUTIN yake mafi ƙasa, wato lokacin da wutar fankar take mafi ƙanƙanta. Wannan ya fi karkata ga fankar. An ɗaga makinta na farko daga kashi 40 zuwa 48, an saita `fan3_min` a 400 don cip ya ɗaga ALARM idan ta sake faɗi, an kuma rage tazarar karatun `fan3` zuwa daƙiƙa 1 don a ga ko faɗuwar tana zuwa a hankali, kamar yadda fanka mai sarƙewa take yi, ko kwatsam. Idan sifilin ya sake bayyana a sabon gudun, za a musanya fankar baya da ɗaya daga cikin na gaba, a mayar da mazaunin zuwa yanayin da ya dace da kowacce, a ga ko matsalar ta bi fanka ko ta tsaya a mazaunin.